Lissafi a Madubin Kabu-kabu

Kasuwar Malanville ba ta san da zaman lakwal, wato makarantar boko, ba. Tun ranar Alhamis take fara cika, motocin albasa da na hatsi suna shigowa, mutanen Gaya suna tsallako kogi daga Nijar, kuma duk gidan da yake da rumfa yana bukatar hannu. Ni ma ɗiyar kasuwa ce. Mahaifiyata ta riƙe rumfar atamfa har ta bar duniya, kuma a kan dilar zannuwa na yi yawancin aikin gida na ƙuruciyata. Saboda haka ban taɓa mamaki ba idan na shiga aji ranar Alhamis ko Juma'a na tarar da benci-benci da giɓi. Haushi dai nake ji. Na daɗe ina koyar da lissafi a ajin da muke kira segon, wato ajin farko na babbar sakandare, kuma lissafin wannan ajin ba ya jiran kowa. Wanda ya rasa darasin Alhamis, ranar Litinin sai ya zauna yana kallona kamar ina yi masa yaren kudu.

Ina da zafin rai, ɗalibaina sun sani, ni ma na sani. Abin da ya fi tayar mini da shi kuwa kalmomi biyu ne: "Wi, Madam." In cika allo da bayani, in juyo in ce, "Kun gane?" aji duka ya amsa da murya ɗaya, "Wi, Madam," alhali rabinsu ko inda na dosa ba su sani ba. Ba wai ƙarya suke son yi mini ba. A gidajenmu yaro ba ya duban babba ya ce masa bayaninka bai fita ba. Haka aka rene su, haka aka rene ni. Da na gaji sai na daina tambayar. Na sa kowa ya nemo ɗan allon hannu irin na 'yan firamare. In ba da tambaya, kowa ya rubuta amsarsa, in buga tebur, a ɗaga gaba ɗaya. Da farko sun ji kunya, samari masu tsiron gemu riƙe da allon yara, har wani ya ce mini ƙanensa yana yi masa dariya a gida. Na ce ya gaishe da ƙanen. Daga ranar nake ganin wanda ya ɓata da daidai inda ya ɓata, ba sai na jira jarrabawa ba.

Idan muka zo kan zane, wato yadda ake ɗaukar lissafi a mayar da shi layi mai hawa ko mai sauka, fitar da su nake yi farfajiya. Mu shimfiɗa igiya biyu a kan yashi, ɗaya kwance ɗaya tsaye, su gitta juna. In ba kowane ɗalibi lamba, ya yi lissafinsa, ya je ya tsaya inda amsarsa ta kai shi. Idan kowa ya yi daidai sai ka ga layi ya fito da jikin mutane, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Idan wani ya kuskure, shi kaɗai za a hango can kusa da randar ruwa, 'yan'uwansa suna yi masa ihu da harshen Dendi ya dawo gida. Akwai kuma wata manhaja a wayata da ke zana irin waɗannan layukan nan take, ka canza lamba ɗaya layin ya motsa a gaban idonka. Nakan ba su wayar ta zagaya aji, gabana yana faɗuwa har ta dawo hannuna lafiya. Duk waɗannan dabarun suna aiki, ina kuma jin daɗinsu, amma sai ga ɗalibin da ya zo.

A shekarar da nake ba da labari akwai wata yarinya a ajin, ɗiyar wata mai sayar da albasa buhu-buhu. Doguwa ce, marar yawan magana. Mahaifinta ya rasu, yayyenta maza suna bin manyan motoci zuwa kudu, ita kaɗai ta rage wa uwar, don haka duk Alhamis da Juma'a ba a ganinta. Jadawalin wannan shekarar kuma, kamar da gayya, ya zuba yawancin darussan lissafin ajin a waɗannan ranakun biyu. Karo na biyu ke nan take zaman segon, dokar lakwal kuwa a fili take: ba a zaman aji ɗaya sau uku. Idan ba ta kai makin tsallakewa a ƙarshen shekara ba, sallamarta za a yi, kuma a fannin da take lissafi ne ya fi kowane darasi nauyi. Abin da ya hana ni sakewa shi ne kanta yana ja. Ranakun da ta zo, allonta yana cikin na farko da ke tashi da amsa daidai, sannan ta yi maza ta sauke shi kamar ta yi laifi.

Saboda ita da ire-irenta na fara ɗaukar darasi a waya. Idan an tashi, aji ya watse, sai in jingina wayar da kwalin alli a kan tebur, in juyo fuskarta gare ni don in ga ko ina cikin hoton, ko ɗankwalina ya zame. Sannan in maimaita darasin ranar a gajarce, da Faransanci, inda ya yi tauri in sako Hausa ko Dendi. Na lura rubutun allon yana fitowa a juye a fuskar wayar lokacin da nake ɗauka. Na tambayi ƙanena, wanda shi ya saya mini ita, ya ce haka duk suke yi, in an adana sai rubutun ya miƙe da kansa. Na yarda da shi, don shi ne ɗan zamanin gidanmu. Ban buɗe ko ɗaya na kalla ba. Ba na son jin muryata a waya, tana fita siririya kamar ta mai tallar kunu, ga kuma tarin takardun gyara suna jirana kullum.

Turawa ta intanet ba ta taso ba. Iyaye ƙalilan ne za su ɗauki wannan nauyin, ga shi a bakin kogi waya takan bar layinmu ta kama na Nijar ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Sai na bi hanyar da waƙoƙi da finafinai suke bi a garin nan. Akwai wani mai cajin waya a ƙofar kasuwa, mutum mai fara'a, yana da tsohuwar kwamfuta, ana kai masa ɗan katin waya ya zuba wa mutum abin kallo. Na roƙe shi, ya yarda. Duk ƙarshen mako in kai masa darussan, duk ɗalibin da ya zo da kati ko da wayar uwarsa ya zuba masa. Ya ce shi ladan kawai yake so.

Abin ya karɓu fiye da zatona. 'Yan kasuwa suka fara dawowa ranar Litinin da darasi a kansu, allunansu suna tashi tare da na kowa. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara taƙama a ɗakin malamai, abokin aikina mai koyar da tarihi yana tsokanata wai na kusa fitowa a talabijin, in tuna da shi in na zama babbar mace. Ana haka aka yi babbar jarrabawar zango na biyu. Na zauna gyara, na zo kan takardar ɗiyar mai albasa.

Lissafinta tsaf yake, layi bayan layi, babu inda ta yi tuntuɓe. Amma da aka zo zane, duk layin da ya kamata ya hau zuwa dama, nata ya hau zuwa hagu. Alamar nan mai buɗaɗɗen baki da ke nuna wace lamba ce ta fi girma, ita ma ko'ina ta juya mata baki ɗaya gefen. Kusan rabin makin takardar kuwa a kan waɗannan yake. Na ba ta abin da ta samu, kuma kaɗan ne. Ranar da na raba takardu na tsayar da ita bayan aji, raina a ɓace.

"Ke, mi ya same ki? Wanda ya iya lissahin ga ba ya zana wanga abu. Wasa kike da ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Madam."

"Ba haƙuri na tambaye ki ba. Kina kallon darussan da nike aiko muku?"

"Ina kallo, Madam. Duka."

"Kuma kin gane su?"

"Wi, Madam."

Na ce ta tafi kafin in faɗi abin da zan yi nadama. Na koma gida ina ta juya abin a raina, na kasa samun kansa. Na taɓa ganin ɗalibin da bai iya ba, na taɓa ganin rago, amma ban taɓa ganin wanda ya yi kuskure iri ɗaya da irin wannan tsabtar ba.

Amsar a bakin titi ta same ni, wata Asabar da hantsi, ina neman kabu-kabun da zai kai ni Guéné gaisuwar wata gwaggona. A inda masu babur ke tsayawa na ji wata mace tana bayanin layi mai hawa. Har na ce a raina wannan matar ta cika tsawa, kafin in gane ni ce. Ɗalibaina ne su uku, maza, sun tsuguna gaban wani babur da aka kafe. Ɗaya ya ɗaga waya yana nuna wa madubin babur ɗin fuskarta, duk sun zuba ido cikin madubin, ɗaya kuma yana kwafa a littafi a kan gwiwarsa. Mai babur ɗin yana zaune a benci yana ɓare gyaɗa.

Da ya ga na tsaya a kansu sai ya ce, "Madam, ke ta mai muryar ga? Wallahi ɗiyanki sun hana ni aiki. Kullum suna nan bisa madubina. Ni kaina na kusa iya lissahin."

Yaran suka miƙe zumbur. Na karɓi wayar na duba. Ga ni nan a gaban allo, alli a hannun hagu, ni da ban taɓa rubutu da hagu ba. Rubutun duk ya juya yana tafiya daga dama, haruffa da lambobi kowanne ya ba da baya. Na mayar da fuskar wayar ga madubi, komai ya miƙe sarai. Ashe ƙanena bai san wayar da ya saya ba.

"Tun yaushe abin ga yake haka?" na tambaye su.

"Tun na hwarko, Madam."

"Kuma cikinku duka ba wanda ya iya buɗa baki shi gaya mini?"

Suka dubi juna. Babban cikinsu ya sosa ƙeya ya ce, "Mun zaci da gangan kinka yi, Madam. Anka ce kin kulle darasin don kada 'yan wasu lakwal su sace muna shi, sai wanda ya san dabarar madubi. Mu kuwa ba mu gaya ma kowa ba."

Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta riga shi fitowa. Na zauna a bencin mai babur na yi ta yi har da hawaye, yaran suna tsaye ba su san ko su taya ni ba. Da suka ga ba duka sai bakinsu ya buɗe. Wai 'yan matan ajin da madubin kabad ɗin iyayensu suke kallo. Wani a shagon aski yake nasa, mai askin ya ware masa kujera. Wata kuma da babu madubi a ɗakinsu, bayan sabon faranti take haskawa. Watanni ke nan rabin ajina yana yawo a gari yana neman abu mai ƙyalli, kowa yana rufa asirin Madam. Mai cajin wayar ma, da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi ya gani tun ranar farko, ya ɗauka haka lissafin manya yake.

Na hau babur ɗin muka kama hanyar Guéné. Mun fita gari ke nan, gonaki sun fara, dariyar ta yanke, don na tuna takardar yarinyar. Na taɓa kafaɗar mai babur na ce ya juya ya kai ni kasuwa, gwaggo ta jira wani makon.

Rumfarsu tana can cikin layin 'yan albasa, inda wari ke shiga ido tun kafin mutum ya iso. Uwar tana zaune kan buhu tana ciniki da wasu mutanen Gaya, mace mai jiki da murya, kuma ta san mahaifiyata. Yarinyar tana baya tana tsince ruɓaɓɓu daga wani tari. Ta soke waya tsakanin buhu biyu, muryata tana fita ƙasa-ƙasa. Na duba ko'ina ban ga madubi ba.

"Sannu da kasuwa, Inna," na ce da uwar.

"A'a, ɗiyar mai atamhwa! Madam da kanta cikin albasa? Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Inna. Wajen ɗiyarki na zo."

Na tsuguna kusa da yarinyar na tambaye ta yadda take karanta rubutun. Ta ce ta saba. Daga dama take bi, tana juya kowane harafi da kowace lamba a kanta kafin ta rubuta a littafi. A nan na gane abin da ya faru. Lamba bakwai idan ta juya kowa ya san ta juya, sai ta gyara ta. Amma layin da ya hau hagu layi ne lafiyayye, alamar da ta buɗe baki wancan gefen ita ma alama ce da ake aiki da ita, babu abin da zai gaya mata su ma a juye suke. Yadda ta gan su haka ta haddace su. Kuma duk wannan aikin tana yinsa ne hannunta cikin albasa, ana kiranta ta riƙe bakin buhu, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

"Mi ya hana ki sa madubi kamar sauran?"

Ta saci kallon uwarta. Uwar ce ta amsa, don ta riga ta sallami baƙinta tana sauraronmu.

"Madubi? Ta zo da shi sau guda, na amshe. Budurwa zamne cikin kasuwa da madubi ga hannu, direbobi na wucewa? Mi za a ce da ni? Ta ce wai na karatu na. Na ce tun da nike ban taɓa jin karatun da anka yi da madubi ba."

"Inna, gaskiya ta gaya miki," na ce. "Wayata ta ta juya rubutun."

Na ciro ɗan madubin jakata na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta dubi waya, ta dubi madubi, ta sake duban waya. Ba ta yi boko ba, amma ta ga allin ya bar hannuna na hagu ya koma na dama. Sannan ta juya ta dubi ɗiyarta.

"Ashe haka kike ta hwama," ta ce. Ta tashi ta cika mini leda da albasa, na ce a'a, ta yi kamar ba da ita nake ba.

Ranar Litinin na je wurin darakta, shugaban lakwal ɗinmu, na roƙa a bar ni in sake wa yarinyar jarrabawa. Ya saurare ni, ya yi dariyarsa ta ƙoshi a kan madubin, sannan ya ce a'a. Makin zango ya riga ya wuce hannunsa, kuma in ya buɗe wa ɗaya ƙofa sai ya buɗe wa kowa. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ruwa, bai canza magana ba. In za a bi gaskiya yana da hujja, ko da yake ban faɗa masa haka ba. Abin da ya rage wa yarinyar shi ne zango na ƙarshe, kuma sai ta yi ƙoƙari sosai a cikinsa kafin ya cike ramin da na biyu ya bari.

Na sake ɗaukar darussan gaba ɗaya da kyamarar baya. Tunda yanzu sai an riƙe mini wayar, ɗalibai suka riƙa karɓa-karɓa, na kuma kafa doka: wanda ya riƙe, in na gama sai ya ba ni wayar ya hau gaban allo ya yi bayanin misali ɗaya da bakinsa, da harshen da ya ga dama. Ba mu tashi sai mun kalli abin da muka ɗauka tare, muryar kunun da komai. Bayanin yaran ya fi nawa shiga wasu lokutan, don sun san inda 'yan'uwansu ke tuntuɓe, kuma wanda ya san za a kalle shi a shagon aski ba ya zuwa bai shirya ba.

Sannan na ce tunda madubi ya shigo mana aji ba da gayyata ba, bari mu sa shi aiki. Wata Talata na sa kowa ya zo da nasa. Aji ya cika da su, na kwalliya, da guntayen na kabad, wani ma ya kwanto na babur ɗin yayansa, ban tambaye shi ko da izini ba. Kowa ya zana layi a allon hannunsa, ya kafa madubi a kan layin tsaye, ya kwafi abin da ya gani a ciki. Tambayata ɗaya ce: me za a canza a cikin lissafin don a samu layin da ke cikin madubi? Na hana kaina magana, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Suka yi ta gardama, Dendi da Hausa da Faransanci duk a haɗe, har wani benci na baya ya gano cewa lambar da ake sakawa ce za a juya wa alama, mai ƙari ta koma mai ragi. Muka gwada a manhajar wayata, layin ya tsallaka ɗaya gefen a gaban kowa, aji ya ɗauki sowa har malamin maƙwabta ya leƙo. Daga nan na tambaye su wane zane ne madubi ba ya canzawa. Ba a daɗe ba suka kawo mini wanda ya yi kama da ƙwarya a ajiye. Ban taɓa koyar da wannan babin cikin sauƙi irin na ranar ba, kuma tun daga shekarar da madubi nake fara shi. Tsofaffin darussan nan na juye ma ban goge su ba, nakan kunna ɗaya in ce a nemo mini duk abin da ya canza.

A wannan darasin ɗiyar mai albasa ko taɓa madubi ba ta yi ba. Kafin 'yan bencinta su gama kafa nasu ta riga ta zana abin da za su gani. Matsalarta ita ce komawa daidai. Hannunta ya riga ya saba, ta san amsa sarai amma alli ya ja ta hagu. Sai na ba ta wata al'ada: kafin ta zana komai, ta ɗauki lamba ɗaya ta saka a lissafin, ta ga inda ta faɗa, ta ɗora yatsa a wurin, sannan ta ja layin ya bi ta ƙarƙashin yatsan. Haka ma alamar nan mai baki, ta gwada ta da lamba ɗaya kafin ta yarda da ita. Duk Litinin takan tsaya bayan an tashi mu yi ta yi. Wata rana ta yi daidai daga farko har ƙarshe, wani makon kuma hannun ya koma gidan jiya, in ciji leɓe in ce a sake. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Idan aka sallami yarinyar nan, na san da wayata a cikin dalilin.

Da aka yi jarrabawar ƙarshe ban gyara takardarta da kaina ba. Na kai wa abokin aikina da ke koyar da lissafi a ɗaya ajin, na ce ya gyara kamar bai san ta ba, don ban yarda da hannuna a kanta ba. Ya dawo mini da ita a ninke, na sa a jaka, sai da na isa gida na sha ruwa sannan na iya buɗewa.

Ranar faɗin sakamako ta faɗo Juma'a, kasuwa tana tsakiyar ci. Ban sa ran ganin yarinyar ba, na shirya in bi ta rumfa da la'asar in gaya musu. Ɗalibai sun karɓi nasu sun watse cikin farfajiya, ina aji ina tattara kayana, sai na ji sallama da muryar da ta fi ƙarfin ɗakin. Uwar ce, da mayafinta na fita unguwa, ɗiyar tana bayanta. Na san abin da ake nufi da 'yar kasuwa ta bar rumfa ranar Juma'a. Mahaifiyata ko zazzaɓi ba ya tayar da ita daga tata.

"Inna, wa kinka bar ma rumhwa?"

"Na ja buhu na ruhe. Madam, gaya mini, ta wuce ko ba ta wuce ba?"

"Ta wuce, Inna. Ba da rata mai yawa ba, amma ta wuce. Zanenta ko guda bai juya ba."

Ta nemi benci ta zauna, bencin ya yi mata kaɗan. Ta yi hamdala a hankali, ta share fuska da gefen mayafi. Yarinyar ta rufe baki da hannu biyu. Ni kuwa na shiga jera alli a kwali, don idona ya cika kuma ba na son ɗaliba ta gani.

Can uwar ta ce, "Na aika ƙauye, Toumboutou, wajen ƙanwata, wadda ɗiyanta sunka girma. Bayan damina za ta dawo nan mu riƙe rumhwar tare, mu raba abin da Allah ya kawo. Wagga kuwa, Alhamis da Juma'a, taki ta. Na sha jin muryarki cikin buhu, ta ishe ni. Ta zo ta ji ta nan inda allon yake."

Na fara godiya, ta ɗaga mini hannu wai in bari. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce masu saye ba su jiran mutum. Yarinyar ta juya za ta bi ta. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ina za ki? Ba a tashi ba tukuna. Koma ki zamna."

Yarinyar ta zauna a bencin da uwar ta tashi, a ajin da ba kowa sai mu biyu, ba darasi, ba komai a allo. Ta taga muka ga matar ta ratsa farfajiya ita kaɗai, tana sauri, ta nufi kasuwa.